Hannuna da Gwangwanin Kananzir

Sarƙa nake wankewa, ta babur da ta keke. Rumfarmu tana Zangon Kwatano, bayan layin masu sayar da tsofaffin tayoyi. Kwano huɗu ne a sama, benci ɗaya, daro biyu. Mu biyu ne a cikinta, ni da ɗan kawuna. Shi yake kwancewa ya ɗaura, ni nake wanki. Taubashina ne, don haka tun muna yara ba ya kirana da sunana, bawana yake ce mini, ni ma haka nake ce masa. Shi ya riga ni zuwa garin nan, shi ya aika gida na zo.

Garin nan yana cin sarƙa. Ƙasarsa yashi ce, iskarsa gishiri. In damina ta sauka, 'yan zem, masu haya da babur cikin rigar nan rawaya, suna shiga ruwa har gwiwa wajen unguwar Laji, su fito sarƙa ta cika da laka. Wanda ya fito Plakoji, gefen teku, tasa ja take zuwa da tsatsa. Tsohon mai in ya haɗu da yashi kamar kwalta yake zama. Sai an narkar da shi kafin a sa sabo.

Da fetur nake narkarwa, na kwalba, wanda ake sayarwa a bakin titi. In zuba a daro, in jefa sarƙa, in sa hannu biyu in murza. Kafin mai babur ya gama shan ruwan leda ta fito fes, ta bushe. Shi ya sa suke zuwa wajenmu. Ban taɓa zama na zaɓi fetur ba. Na samu ana yi da shi, na yi da shi shekara ashirin da wani abu.

Hannuna ne ya ji jiki. Fatar ta yi fari, ta bushe, ta tsattsage a gaɓoɓin yatsu da gindin babban yatsa. Tsagar ba ta rufewa. Da safe in na dunƙule hannu sai ta buɗe, jini ya ɗan tsatso. Da farko fetur yana yi mini zafi in ya shiga. Daga baya ya daina. Komai ma ya daina. Ina ɗaukar kofin shayi daga kan wuta ba na jin komai. Matata ta ce tuwo yana warin mai in na sa hannu, yara suna ƙin ci. Ta ba ni cokali. Na karɓa.

Ana nan cikin taubashina ya fara kumbura, idonsa ya yi rawaya. Mun kai shi lopital, wato asibiti, sau biyu. Na biyun suka ba mu takardar magani, suka ce mu kai shi gida ya huta. Shi da ni mun gane abin da suke nufi, ba mu yi maganar ba. Ya kwanta a ɗakinsa na haya, ni kuma na haɗa aikinsa da nawa. Kullum bayan la'asar nakan rufe rumfa in je in zauna kusa da tabarmarsa.

Wata rana ya ce, "Bawana, matso in duba dukiyata."

Na ce, "Wace dukiya? Tabarmar da kake kai ma ta aro ce."

"Miƙo hannunka."

Na miƙa. Ya juya shi, ya kalli tsagar, ya kai hanci ya kau da kai.

Ya ce, "Kai za ka wanke ni."

"Ka tashi ka wanke kanka. Ni sarƙa nake wankewa."

"Ba wasa nake ba. A garin nan ba ni da namiji na jini sai kai. Ba na son baƙo ya juya ni." Ya numfasa. "Amma ba da wannan hannun ba. Kada in isa can a ɗauka tankar mai ce ta faɗi."

Matarsa tana bakin ƙofa tana tsince shinkafa. Ta yi dariya, sai ta ajiye farantin ta fita tsakar gida, ta daɗe ba ta dawo ba.

Na ce masa to. Shi ke nan abin da na ce.

A masallacin layinmu akwai wani dattijo ɗan Nijar, yana sayar da hula da tasbaha a ƙofa. Shi yake wankan gawa in an yi rasuwa. Washegari bayan azahar na tsaya wajensa, na faɗa masa, na nuna masa hannuna. Ya ce in dunƙule. Na dunƙule, jini ya fito wuri uku.

Ya ce, "Ɗana, warin ba komai ba ne. Jinin ne. Ana wanke mamaci don a tsarkake shi, ba don a ɗiga masa jini ba. In ranar ta zo hannunka yana haka, ka riƙe buta kana zuba mini ruwa, ni in wanke."

"Ba haka ya ce ba, Baba."

"To ka sa safar roba."

Na koma na faɗa wa mai ciwon. Ya ɓata rai.

"Roba? Kamar wanda zai kwashe kwata? Shekara nawa muna cin abinci kwano ɗaya. Da hannunka na ce."

Na sake komawa wajen dattijon. Ya ce to in gyara hannun. Na ce kwana nawa nake da shi. Ya ce wannan ba shi ake tambaya ba.

Barin aiki ba zai yiwu ba. Gida biyu ne yanzu suke ci daga daron nan. Sai dai in samu wani abin da zai narkar da maiƙo bai ci hannuna ba.

Na fara da safar roba ta farmasi, na ci gaba da fetur ɗina. A sarƙa ta biyu robar ta kumbura ta yi laushi, haƙorin sarƙa ya huda ta. Fetur ya shiga ciki ya kwanta, hannuna ya wuni a jiƙe. Gara ma babu.

Na koma omo da ruwan zafi. Mai ƙosai ta gefenmu takan bar ni in ɗora tukunya a kan gawayinta in ta gama suya. Yana fitar da dattin, amma sai ka goge da buroshi har kafaɗa ta gaji, kuma omon ma yana busar da fata. Ruwa kuma yana maƙalewa a cikin gaɓoɓin sarƙa. Bayan kwana biyu wani ɗan zem na Godome, wanda ya daɗe yana zuwa wajenmu, ya dawo yana tura babur. Hausarsa ta kasuwa ce.

Ya ce, "Alaji, kai wanke sarƙa ko kai wanke wando? Duba. Ja kamar manja."

Na duba. Tsatsa ce ta kama ta tun daga ciki.

"Ina esansi? Me ya sa ka bar esansi?"

Fetur yake nufi. Na ce hannuna. Ya ce shi ba hannuna yake hawa ba, babur yake hawa. Gaskiyarsa. Na sa masa wata sarƙar daga cikin na taubashina, ya tafi.

Na je shagon kayan ƙarfe na babban titi. Mai shagon ya ɗauko mini gwangwanin feshi, ya karanta rubutun Faransancin da ke jiki, ya ce ko taɓa sarƙar ba sai na yi ba. Yana aiki, ba ƙarya. Sarƙa uku na wanke gwangwanin ya ƙare. Na masu babur ɗaya ne da suke wankewa ranar Lahadi, ba na mai rumfa ba.

Sai kuskuren da na yi. Wani mai wanke injin mota ya ce in gwada soda, irin wadda mata suke haɗa sabulu da ita. Ya ce a jiƙa a ruwa, maiƙo da kansa yake tashi. Ya kuma ce kada in taɓa. Na ji shi. Na haɗa, na jefa sarƙar keke da farantinta, maiƙon ya tashi kamar yadda ya faɗa. Ana cikin haka wani ya tsaya yana tambayata hanyar tashar motocin Malanbil, ina yi masa kwatance da baki. Da na waiwayo hannuna biyu suna cikin daron suna murza. Ban sa su ba. Shekara ashirin suna shiga daro, sun san hanya. Kuma ban ji komai ba. Da wani ne, da ya ji zafi ya fizge. Ni sai da na ga yatsuna suna santsi kamar an shafa musu kuɓewa. Mai ƙosai ce ta kwara mini bokitin ruwa tana salati. Farantin keken na alminiyom ne, shi ma ya yi baƙi ya ɓaci.

Fatar ta saɓule a tafin hannu. Da la'asar na je da hannu naɗe cikin tsumma. Taubashina ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "An ce ka gyara, ka je ka dafa."

Na ce, "Ka jira ni."

"Ina jira. Amma kai ma ka san ba ni da yawa."

Lokacin ƙafafunsa sun kumbura, ba ya tashi sai an ɗaga shi. Kwana goma ban taɓa sarƙa ba, sai ɗaurin birki da facin taya da nake lallaɓawa. A cikin kwanakin nan ne ya ce mini wani abu. Muryarsa ta yi ƙasa, sai na sunkuya nake ji.

"Ka tuna yadda babana yake wanke sarƙar kekensa a gida?"

Ban tuna ba.

"Kai dama ba ka da kai, bawa ne kawai. Gwangwani mai murfi. Kananzir. Ya jefa ya rufe, ya tafi gona. In ya dawo ya girgiza, ya zaro da waya. Ka taɓa ganin hannunsa da tsaga? Daro ne matsalarka. Bakinsa a buɗe yake, hannunka kuma ba ya jin magana."

Na samo babban gwangwanin madarar gari wajen mai shayi. Bakinsa bai isa hannu biyu su shiga su murza ba. Na lanƙwasa wayar ƙafar keke na yi ƙugiya. Na ɗaura tsohon buroshi a jikin sanda. Kwana biyu na gwada gazuwal, wato man dizal, da kananzir, don in ga wanne ya fi. Gazuwal yana narkarwa, amma yana barin danƙo a jikin sarƙa, yashin garin nan kuma danƙo yake nema. Kananzir ya fi fita. Ba ya ɗauke man cikin gaɓoɓi ƙaf kamar fetur, ba ya kawo tsatsa kamar ruwa, sababbin sarƙoƙin nan masu 'yan zoben roba a tsakani ma ba ya cinye musu robar. Yashi yana kwanciya a gindin gwangwani, in tace da tsumma in sake amfani da na sama. Na tsaya a kansa.

Aibinsa ɗaya, ba ya sauri. Sai sarƙa ta jiƙa, a girgiza, a zaro, a goge, a rataye ta tsane, sannan a sa mai. Ɗan zem ba ya son zama, kowane fasinja da ya wuce yana kallonsa. Da yawa suka koma rumfar tsallaken titi, inda ake yi da fetur. Ina ganinsu daga bencina. Ban ji haushinsu ba. Abincin gida biyun ya ragu, matata ta daina sa kifi a miya. Safe da yamma takan shafa mini man kaɗanya ta naɗe hannun da tsumma mai tsabta. Da tsumman nake aiki, don ko hannun ya nufi bakin gwangwani in gan shi kafin ya isa.

Kullum da la'asar in kwance tsumman a gaban taubashina, ya ƙirga tsagar da ta rage.

"Saura biyar."

Bayan mako, "Saura huɗu. Kai ko warkewa ma lalaci kake yi."

"Kai kuma mutuwa ma sai ka sa mutum aiki."

Ya yi dariya har tari ya kama shi.

Ya daina cin abinci sai kunu cokali biyu. Maƙwabta suka fara shigowa suna zama shiru. Da saura biyu ya daina magana. Ina zuwa dai in kwance tsumman, in kai hannun gaban idonsa. Wani lokaci idon yana bin hannun, wani lokaci ba ya bi. Ni nake ƙirgawa da ƙarfi. Ta ƙarshe ita ce ta gindin babban yatsa na dama, mafi tsufa a cikinsu. Ta rufe, ta buɗe, ta sake rufewa da wata fata siririya mai sheƙi. Ban yarda da ita ba. Na daina dunƙule hannun gaba ɗaya, ko sifana da hagu nake riƙewa.

Ranar Talata da hantsi ina girgiza gwangwani maƙwabcinsa ya zo rumfa. Bai zauna ba. Ya ce, "Sai haƙuri. Ya cika."

Na ce innalillahi. Sarƙar wani tana cikin gwangwanin, mai ita yana zaune a benci, ba zai tafi ba sarƙa ba. Na zaro, na goge, na sa mai, na ɗaura masa. Sannan na rufe rumfa. Ban yi kuka ba. Na duba cikina ko akwai wani abu, ban samu ba. Yatsan kawai nake tunani.

Dattijon ya riga ni isa. An kewaye wani lungu na tsakar gidan da zannuwa, an kawo bokiti biyu, sabulu, ganyen magarya, likkafani yana ninke a gefe. Ya tsayar da ni a bakin labulen.

"Kwance."

Na kwance tsumman.

"Dunƙule. Buɗe. Sake. Da ƙarfi, ɗana, ba gaisuwa muke ba."

Na matse iya ƙarfina. Ya sa na yi sau da yawa. Ya ja babban yatsan baya da kansa, ya kawo idonsa kusa. Fatar ta yi fari ta miƙe. Ba ta fashe ba. Ya kai hannun hancinsa.

"Kananzir."

"E, Baba."

"Ba najasa ba ne. Shiga. Ni zan riƙe buta."

Ya ce in taɓa ruwan in ji ko ya yi daidai, kada ya yi zafi kada ya yi sanyi. Na sa hannu ban ji komai ba. Na naɗe hannun riga na tsoma gwiwar hannu. Na ce a ƙara na sanyi kaɗan.

Yana faɗa ina yi. Na naɗe hagu da ƙyalle na tsarkake shi ta ƙarƙashin mayafi. Na yi masa alwala. Na wanke kai da gemu, sannan gefen dama, sannan hagu. Bai da nauyi. Mutumin da yake ɗaga bayan babur da hannu ɗaya in zare sarƙa, na juya shi ba tare da an taya ni ba. Ban ji jikinsa a tafina ba, ko sanyinsa. Da ido na bi, gaɓa bayan gaɓa, kada in tsallake wuri.

Da na zo hannunsa na tsaya. Wata biyar bai taɓa babur ba, amma baƙin mai yana nan a gefen farcensa da cikin layukan yatsunsa. Na sa sabulu, bai fita ba. Na sake, bai fita ba.

Dattijon ya ce, "Bar shi. Wannan ya zama jikinsa."

Na ce, "Zai fita."

Ɗan kwalin man kaɗanyata yana aljihuna. Na lura tun da matata ta fara shafa mini, baƙin da ke hannuna yake bin tsumma yana fita. Na lakato na shafa masa a yatsun, na murza a hankali, na bar shi ya ɗan zauna. Na goge da ƙyalle, ƙyallen ya yi baƙi. Na bi gefen farcen da tsinke, sannan sabulu, sannan ruwa. Yatsa goma, ɗaya bayan ɗaya. A waje ana ta tambaya ko an gama, rana tana yi. Dattijon ya leƙa ya ce musu su jira.

Da na gama na duba hannuna. Ruwa ya jiƙa shi ya yi yaushi. Babu jini.

Muka sa shi a likkafani, aka yi masa salla bayan azahar, aka kai shi. Ni na shiga ramin na karɓe shi. Da aka dawo mutane suna ba ni hannu suna yi mini gaisuwa, ina amsawa. Matarsa ta aiko a tambaye ni ko ni na wanke shi. Na ce a ce mata ni ne.

Bayan kwana uku na buɗe rumfa. Tsagar babban yatsan ta sake buɗewa a makon, wajen kwance wata ƙusa da ta ci tsatsa. Na naɗe ta na ci gaba.

Ɗan zem ɗin Godome ya zo, ya yi mini gaisuwa da Hausarsa, ya ce patron, wato taubashina, mutumin kirki ne. Sannan ya kalli daron da ke kife a ƙarƙashin benci.

"To Alaji, yanzu an gama. Kawo esansi, ina sauri."

Babu abin da ya hana ni. Mai kwalaben fetur yana nan a bakin titi, taku kaɗan. Na kwance sarƙar, na jefa ta a gwangwani, na rufe.

Na ce, "Zauna. Sai ta jiƙa."

Ya yi tsaki, ya duba titi, ya zauna a gefen bencin da taubashina yake zama.